Jakar da Ta Kwanta a Kan Salansa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, Ya ba Inna sauƙin gwiwoyinta, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar gida da ka ɗauke mini. Shekara ta huɗu ke nan rabona da gida. Na ji maiɗakinka ta sauka lafiya, Allah Ya raya. Na kuma ji 'yata ta shiga makaranta, har tana gyara wa uwarta karatu. Ni ma lafiya, in ban da tafin hannuna na dama da ke naɗe, shi ya sa za ka ga rubutun yana tafiya a karkace.

Saƙonka ya iso. Ka ce an nuna wa Inna hotona a waya ina tsaye cikin manyan mutane da manyan babura a bakin wani tafki, har ana cewa na samu duniya na manta da gida. Ka ce ita ba ta ce komai ba, ta miƙa wayar kawai ta juya. Maganar mutane ba ta dame ni ba, Yaya, shirun Inna ne ya hana ni sukuni. Saboda haka bari in gaya maka aikin da nake yi a cikin hoton nan, ka karanta mata yadda na rubuta.

Maigidanmu yana da gareji, yana kuma shirya wa masu hali tafiyar yawon buɗe ido a kan babura. Su suna gaba, ba abin da ke bayansu sai iska. Ni ne na ƙarshe a layi, kuma a kan babur ɗina ake ɗora tantuna, da tukunyar gas, da kayan faci, da sifanu, da jarkar ruwa. In ka sake duba hoton, babur ɗin da ke can gefe kamar an ɗora masa ɗaki guda, shi ne nawa. Ɗaurin kayan kuwa yana da ƙa'ida. Mai nauyi a ƙasa yake zama, kusa da bayan mahayi, don in ka ɗora shi sama a ƙarshen kariya, gaban babur sai ya yi sakayau ya riƙa rawa a kwana. Hagu da dama su yi daidai. Ba a sa abu mai laushi a gefen salansa. Sannan bayan an ɗan taɓa tafiya dole a tsaya a sake jan igiyoyi, domin kaya suna zama, roba tana saki. Abin da nake ci da shi ke nan.

Tafiyar da muka yi ta ƙarshe, hanyarmu ta dawowa ta bi ta garin da direban nan da ke zuwa wajenku yake lodi. Daga inda nake ba mota kai tsaye, shi ya sa na daɗe ina jiran irin wannan dama. Na haɗa abin da na yi watanni ina saya ɗaya bayan ɗaya: bargo mai kauri da man shafawa na gwiwa don Inna, yadi na maiɗakina, takalmi da jakar makaranta na yarinya, da ƙaramar rediyo taka. Na zuba su a jaka guda, na sa a akwatin ƙarfe na gefen hagu, na kulle. Duk inda muka yada zango sai na buɗe na leƙa, kamar wani zai ɗauke.

Ranar da za mu juyo, ɗaya daga cikin matafiyan, wani ɗan kwangila, ya ga wani ƙaton tulun ado a kasuwar bakin hanya, ya ce shi fa ba zai tafi ya bar shi ba. Ya saya, sannan aka fara tunanin inda za a sa. Tulu abin fashewa ne, ba shi da wuri sai cikin akwati. Maigida ya dube ni ya ce in san yadda zan yi. Gaskiya ba wanda ya ce in fitar da jakata da bakinsa, amma kowa ya san akwati ɗaya ne zai ɗauki tulun. Na fitar da ita, na naɗe tulun da tamfol na kwantar. Bayan babur ya riga ya cika, gefen dama ne kaɗai ya rage, sai na ɗaure jakar a can sama da salansa da roba biyu, na bar tazarar da ta kai taki guda. Na ce a raina in an tsaya jan igiya zan ƙara mata ɗauri.

Ba a tsaya ba. Hadari ya taso a bayanmu, maigida ya ɗaga hannu ya yi alamar a wuce, kuma ban ga laifinsa ba, don hanyar gaba ta ƙasa ce, in ruwa ya same mu a kanta sai dai mu kwana. Muka shiga gargada. Ka san na ƙarshe a layi shi ke duba bayan kowa, shi kuwa ba mai duba nasa. Robar ta saki, jakar ta zame ta kwanta a kan salansa, iska tana kwashe hayaƙin da warin tana yin baya da su. Wata babbar mota ta biyo ni tana ta hon, ni kuma ina ta yi mata hannu ta wuce, har ina mita a cikin hular kwano wai wane irin gaggawa ne. Sai da direban ya jero da ni ya leƙo yana ihu yana nuna bayana, sannan na waiwaya na ga wuta, ga tukunyar gas kusa da ita. Na taka birki, na fizge jakar da hannu na jefar, direban ya sauko da jarka ya kwarara mata ruwa. Ko sunansa ban tambaya ba, Allah Ya biya shi.

Zan faɗi na kowa yadda yake. Wani likita da ke cikin tafiyar shi ya fara lura ba na bayansu, ya juyo, ya durƙusa a ƙasa da tufafinsa masu kyau ya wanke mini hannu ya naɗe. Ɗan kwangilar ya yi mini sannu har sau biyu, da alama kuma ya ji ba daɗi, sai dai bai kai ga rufe baki ba ya tambaya ko tulun ya ji wani abu. Bai ji komai ba, ya isa gida lafiya ƙalau. Maigida kujerar babur ya fara shafawa kafin ya kalli hannuna. Wannan ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye maka ba. Amma bai taɓa mini albashi ba, kuma da muka koma ya sa aka yi wa salansar garkuwar ƙarfe. Aikin yana nan, da hannun ya warke zan koma layi, a ƙarshe kamar kullum.

Ka gaida mini Kawu da Gwaggo, da maijego da jaririnta, da Auta, da tela maƙwabcinmu. Ka ce wa maiɗakina ta ƙara haƙuri, na san nata ya fi nawa. Yarinya kuma ka ce ina jin labarin ƙoƙarinta.

Direban zai ba ka ƙunshi a leda tare da takardar nan. Rediyonka ta narke, man shafawar ya tafi, jakar makaranta ma haka. Abin da na iya tserar da shi: takalmin yarinya ƙafa biyu, ba abin da ya same su, rabin yadin maiɗakina, da bargon Inna, wuta ta ci gefe guda. Na wanke shi amma ƙaurin bai fita ba. Kada a ba tela ya datse bakin sai Inna ta riƙe shi a hannunta ta gani.

Wassalam. Naka,
Ƙanenka