Sunan Wa Jikata Za Ta Ɗauka?

Doña Amparo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura shekara hamsin na fara riƙe alƙalami, a ajin manya da ake yi da yamma a cocinmu. Inda magana ta karkace, ki miƙar da ita kafin ki buga a jarida.

Da farko ki taya ni murna, na yi jika! Mace ce, yau kwananta goma sha biyu. 'Yata Araceli ce ta haife ta, sunanta Citlali. Matata Ofelia ta ce na zama abin dariya, wai ko shanu nake tatsa sai a ji ina rera musu waƙa. Ranar da aka kawo ta gida tamales, wato alalen masara irin na garinmu, muka dafa cike da tukunya biyu, har direban tankar madara ya tafi da nasa a leda. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, shi ya sa abin da zan gaya miki yake ci mini rai. Sunayen da zan sa duk na sauya su.

Ina aiki a wata gonar shanun madara a nan Wisconsin, shekara ashirin da shida ke nan, yanzu ni ne shugaban masu tatsa. Ni ina da takardun zama, na samu tun afuwar da aka yi wa baƙi marasa takardu a shekarar tamanin da shida. Uban jaririyar, Fidencio Tepole, ba shi da su. Daga duwatsun Veracruz na ƙasar Mexico ya zo, shekara tara da suka wuce. Ranar da ya zo neman aiki, maigidanmu Vernon ya dubi hannuwansa, ya ce ya dawo Litinin da abin da ake zuwa da shi. Ni na fassara masa maganar. Ni ne kuma na kwatanta masa mutumin da ke bayan shagon taya, inda kowa yake zuwa. Ya dawo da kati mai hotonsa da sunan wani Ramiro Salcedo, wanda ba mu san ko yana raye ba. Lorna matar maigida, wadda take riƙe da ofis, ta yi wa katin kallo ɗaya ta sa a inji ta kwafa. Ba ta tambaya ba, ba a gaya mata ba. Mu goma sha huɗu ne masu tatsa, uku kaɗai ake kira da sunan da iyayensu suka raɗa musu. Akwai wanda Lorna ta yi ta kwaɗa wa kira bai waiwaya ba, sai da muka jefe shi da safar hannu muka ce, "Kai kurma, ai kai ne Gilberto!"

Fidencio mutumin kirki ne, mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shekara biyar suna tare da Araceli amma ba a ɗaura auren hukuma ba, saboda ya rasa da wane suna zai je. Ofelia ta yi faɗa har ta gaji. Don haka a asibiti aka bar gurbin uba babu komai, aka ba su wata takarda ta amsa cewa shi ne uba, wadda sai an sa hannu a gaban mai hatimin shaida. To Lorna tana da hatimin. Ta zo barka da bargon da ta saƙa da hannunta, ta ce kada su wahalar da kansu zuwa gari da ɗanyen jego, ta karɓi takardar. Washegari ta ba ni ita a cike, in kai musu, su zo ofis su sa hannu.

Doña, da shekarun baya ne da na kai ta kamar yadda na sha kai takardu, ban san abin da ke ciki ba. Amma na tsaya a jikin mota na bi ta da yatsa, harafi bayan harafi. Uba: Ramiro Salcedo. 'Ya: Citlali Salcedo.

Na sami Vernon a wurin maruƙa. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Tsoho, kai ka sani, ni ma na sani, amma ofis bai sani ba. Ranar da Lorna ta buga hatiminta a kan wani sunan daban, ranar ofis ya sani, kuma dole in sallame shi." Gidan da suke ciki kuwa na gona ne, idan aiki ya tafi gida ya tafi. Ya ce ya yi wata shida yana tallar neman ma'aikata, ba ɗan ƙasa ɗaya da ya cika mako. Ya ce bizar da gwamnati take bayarwa ta masu aikin lokacin girbi ce, saniya kuwa kullum sai an tatse ta. Duk gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa mun daɗe albashi bai motsa ba, kuma ba mai iya buɗe baki, domin mai sunan aro ba ya kai ƙara. Gwamnatin ma tana cire haraji daga albashin Ramiro duk mako biyu, ba ta taɓa cewa wannan kuɗin bai halatta ba. To amma lokacin da saniya ta karya mini haƙarƙari Vernon ne ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni asibiti, ya zauna har na farfaɗo. Ban san a wane layi zan sa shi ba.

Fidencio ya ce mini, "Baba, mu sa hannu kawai. Sanyi na zuwa, ina zan kai su?" Araceli ta ce ko za su kwana a mota ba za ta sa wa 'yarta sunan mutumin da ba ta taɓa gani ba. Kwana huɗu ke nan ba sa magana sai ta bakin Ofelia. Mahaifiyarsa kuma ta bugo waya daga ƙauye tana kuka don murna, wai Tepole ta farko da aka haifa a Arewa, kamar yadda suke kiran ƙasar nan. Bai gaya mata batun takardar ba. Nan da mako uku za a yi baftisma, fadan cocinmu kuma yana son ganin takardar haihuwa.

Takardar tana aljihun rigar sanyina, Lorna ta tambaye ni ita sau biyu. In mayar a sa hannu, ko in yaga? Kuma ni da na nuna masa shagon taya, da wane baki zan ce masa ya riƙe sunansa?

Kaka mai murna da damuwa, Wisconsin


Don Kaka, barka da arziki, Allah ya raya Citlali. Ban gyara ko kalma ɗaya a wasiƙarka ba, babu buƙata.

Kada a sa hannu a takardar nan. Katin aiki Fidencio kaɗai ya shafa, ana iya jefar da shi wata rana. Takardar haihuwa kuwa ta yarinyar ce, za ta bi ta makaranta, ta bi ta wurin fasfo da aure da gado. Idan aka kama Fidencio, Allah ya kiyaye, da me zai nuna cewa yana da 'ya 'yar ƙasa, alhali takarda ta ce 'yar Ramiro ce? Idan ya so kai ta wurin kakarta, wa zai yarda shi ne ubanta? Rantsuwa a kan sunan ƙarya a gaban hatimi kuma laifi ne sabo a kan wanda yake ɗauke da shi, kuma har Lorna zai shafa.

Amma tsoron surukinka ba wauta ba ne, kada ku bar Araceli ta mai da shi matsoraci. Mutumin da ya yi shekara tara yana amsa sunan wani don iyalinsa su ci abinci ya san abin da yake tsoro. Kuskurensa ɗaya, kuma duk kun faɗa ciki: kun ɗauka hatimi ɗaya ne a duk jihar. Akwai masu hatimin shaida a banki da ofisoshin lauyoyi. Ku karɓi sabuwar takarda, ya tafi da fasfonsa ko katin ofishin jakadancin Mexico mai sunansa na gaskiya. A iya sanina, masu rajistar haihuwa ba sa aika wa gonaki labari. Sai dai kafin ku je ko'ina, ku ga lauyan shige da fice mai lasisi, ba masu cike takarda na bakin kasuwa ba. Fadanku zai san masu yi kyauta. Ku tambaye shi wannan, ku tambaye shi kuma batun auren, tunda 'yarka 'yar ƙasa ce. Wataƙila akwai hanya, wataƙila mai tsawo ce, shi zai faɗa muku. Idan lokaci ya ƙure, a ɗage baftisma.

Batun Vernon, ba sai ka zaɓar masa layi ba. Ya yi maka alheri, kuma yana cin ribar shirunku. Bai ƙirƙiro tsarin nan ba. Hukuma ce ta rufe ƙofar gaba ta bar ta baya a buɗe, tana son madara mai araha, tana karɓar haraji, sannan lokacin zaɓe ta nuna ku da yatsa. Amma ka lura da abin da ya roƙa: yana so ɗaukar kasadar duka ta koma kan jaririya 'yar kwana goma sha biyu don ofishinsa ya zauna da tsabta. Wannan ya wuce abin da ma'aikaci yake ba maigida.

Idan Lorna ta sake tambaya, ka ce, "Mun gode, yaran sun gama a gari." Kada ka ƙara ko kalma. Ina kyautata zaton ba za ta bi diddigi ba, domin abin da suke buƙata shi ne kada a gaya musu. Ba zan yi maka alkawarin aikin ba zai taɓu ba. Don haka ku gyara ɗaki a gidanka tun yanzu, ka kai Fidencio ya gani da idonsa. Wanda ya san inda zai kwantar da 'yarsa zai fi iya yanke shawara.

Ka tambaya da wane baki za ka yi masa magana. Da bakin da zai fara da cewa, "Ni na tura ka wurin, ina sane." Kada ka yi masa wa'azi, kada kuma ka yaga takardar a bayan idonsa. Ka zaunar da shi da matarsa, ka karanta musu ita da ƙarfi, ka bar shi ya ji yadda sunan 'yarsa yake fita da na wani. Daga nan shawara tasu ce, kai naka rakiya.

Ku nemi lauyan a makon nan. Allah ya ba mai jego lafiya, ya daidaita tsakaninsu, ya sa ka ga auren Citlali Tepole.

Doña Amparo