Fuskar Sale a Katin Labaran

Kubwa, 18 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga ƙanena Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Rekiya da yara. Ya aikin ofis? Allah ya taimaka.

Na ga kiranka har sau tara. Ba zan ɗauka ba. In na ji muryarka, ko dai in zage ka ko in yafe maka, kuma duka biyun ban shirya ba. Shi ya sa na zauna da rubutun nan nawa na yaƙi da jahilci da kake yi wa dariya. Direban da ke kai ma'aikata sakatariya zai miƙa maka.

Bari in tuna maka abin da ya faru, don na lura ku 'yan boko abu ba ya zama gaskiya a wurinku sai an rubuta shi.

Shekara ashirin da biyu ina tura kurar ruwa a Kubwa. Ranar da muka kafa ƙungiyar 'yan garuwa, ni ne mutum na bakwai, kuma lambar da ke jikin kurata ke nan har yau. Bana na tsaya takarar ciyaman da Alhaji Hanif mai ba da hayar kura. Aka ce a nemo mai ilimi daga waje ya tsara zaɓen. Ni na miƙe a gaban jama'a na ce ina da ƙane a ma'aikatar gwamnati, ba ya ƙarya, ba ya tsoron kowa. Ni na kawo ka da bakina.

Ka ce ba mai jefa ƙuri'a sai da kati mai hoto. Sai aka kawo mai hoto a watan Agusta. Kai ɗan manomi ne, ka san inda ɗan garuwa yake a Agusta. Ka kuma san yadda muke yi: in mutum zai tafi gida noma, yakan bar wa ɗan'uwa gurbinsa, kuma wanda ya riƙi kurar shi ke amsa lambar, shi ke amsa sunan. Sale ɗan kawunmu na bar wa tawa. Da aka kira lamba bakwai, Labaran, sai ya je ya zauna gaban farin ƙyalle aka ɗauke shi, don kar gurbina ya wuce. A wurinsa amana ya riƙe. Da na dawo ya ce min kawai, "An yi maka kati, Yaya," ya hau motar Funtuwa.

Da na ji ana maganar hoto, na kira ka na ce ni fa ba a ɗauke ni ba. Ka ce in zo kawai ranar zaɓe, katina yana nan.

Ranar Asabar na bi layi kamar kowa. Kana zaune a tebur, katunan suna gabanka. Na faɗi lambata, ka zaro katin, ka dube shi, ka dube ni, ka ce, "Malam, wannan ba kai ba ne." Malam ka ce min. Sannan ka ɗaga katin sama ka ce wa mutane ga irin maguɗin da ake magana. Yaran Hanif suka yi ta tafi.

An cire ni daga takara, an soke lamba bakwai. Jiya na je burtsatsen Meshach, inda muke sayen ruwa, ya ce in yi haƙuri, an hana shi ba marar lamba ruwa. Na juyo da jarka goma sha biyu ba ko ɗigo, matan estet, rukunin gidajen da nake kai wa ruwa, suna ta kirana suna tambayar ko ba ni da lafiya.

Ka ci amanata, Zulkifilu. Ka faɗa min, a filin zaɓen nan akwai wanda bai san ni ba?

Wassalam.
Yayanka, Labaran

Lugbe, 21 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yaya Labaran,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Anti Turai da yara. Takardarka ta same ni, na karanta ta sau uku a ofis.

Yaya, ba wanda bai san ka ba. Amma matsalar ke nan. In aka ce sanayya ce ke ba mutum ƙuri'a, to kowa zai kawo wanda ya sani. Ko zaɓen ƙasa, sai ka nuna kati mai hoto, na'ura ta duba yatsanka ko fuskarka, ko da jami'in maƙwabcinka ne. Doka ba ta aiki in tana da yaya.

Ban so in taɓo wannan ba, amma ka tilasta ni. Zaɓenku na shekara takwas da suka wuce, ina bautar ƙasa, ina zaune a ɗakinka. Membobi ɗari uku da goma ne, aka ƙirga ƙuri'a ɗari huɗu da sittin. Ɗaya daga ciki tawa ce. Kai ka kama hannuna ka kai ni layi, ka ce in an tambaye ni in ce lamba talatin da ɗaya. Lambar marigayi Ɗanjuma ce, ko arba'in ɗinsa ba a yi ba. Ban taɓa tura kura ba a rayuwata. Ban ce maka komai ba a lokacin don abincinka nake ci, amma abin bai bar raina ba har yau. Da ka kira ni in tsara zaɓe, na ɗauka dama ce ta in wanke wancan.

Maganar Agusta kuma, na yarda an yi kuskure. Alhaji Hanif ne ya nemo mai hoton, ya ce a watan kawai yake da sarari, kwamitin ƙungiya ya amince, ni ma ban ja ba. Da na ja.

Batun lambarka, akwai hanyar ɗaukaka ƙara, ina dubawa. Kafin nan na ba direba buhun shinkafa ya sauke wa Anti Turai.

Allah ya huci zuciyarka.
Ƙanenka, Zulkifilu

Kubwa, 24 ga Nuwamba, 2024

Zulkifilu,

Ina gaisuwa. Shinkafarka na maido, tana but ɗin direba. Ba yunwa na kawo maka ƙara ba.

Maganar Ɗanjuma gaskiya ce, ban musa ba, Allah ya yafe min. Mun yi, su ma sun yi, a waccan shekarar har kanikawa da masu wankin mota suka kwaso. Ban san abin ya tsaya maka a wuya ba. Shekara takwas muna cin tuwo kwano ɗaya da Sallah, ba ka taɓa buɗe baki ba, sai yanzu a takarda.

Amma zo mu yi lissafin da ka iya. Ranar Asabar mutum casa'in da ɗaya aka kora daga layi don ba su da kati. Dukansu manoma ne, wasu tun kana firamare suke tura kura. Yaran da Hanif ya ɗauko haya wata huɗu da suka wuce kuwa, kowanne da katinsa yana sheƙi, don su ba su da gonar da za su je. To wane maguɗi hoton ya hana? Da can mai son cuta sai ya yi gumi ya tara mutane. Yanzu ranar ɗaukar hoto kawai zai zaɓa, ya koma ya zauna, ɗan boko ya ƙarasa masa aikin da biro.

Ban ƙi hoto ba. Da an ce min in zo, da ko a ƙafa na zo.

Kwana takwas ke nan kurata tana jingine. Jiya na bi wani ɗan garinmu dakon bulo a wani gini, bayana ya gaya min shekaruna.

Ka amsa min abu ɗaya, ban da dogon Turanci. Ranar da na kira ka, ka ce katina yana nan, ka riga ka ga fuskar da ke jikinsa ko ba ka gani ba?

Labaran

Lugbe, 5 ga Disamba, 2024

Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Anti Turai da su Nabilah. Ni ce Rekiya matar ƙanenka. Ka yi haƙuri da Hausata, ta Lokoja ce, amma zuciyata za ka gane. Baban yara bai san na rubuta ba.

Yaya, abeg, ka tausaya masa. Takardarka ta biyu tana cikin aljihunsa kwana goma sha ɗaya, ya fito da ita ya mayar, ya kasa amsawa. Mutumin nan ya rame. Ogansa a ofis har ya tambaye shi ko asibiti zai je.

Kar ka ɗauka abin bai dame shi ba. Tun kafin zaɓe yake cikin damuwa. Ranar da ya kawo katunan gida don ya sa musu hannu, sati uku kafin zaɓe, ina zaune ina tsinke alayyafo, na ji ya ce innalillahi. Na leƙa, na ga sunanka da fuskar Sale. Ni dariya ma na yi, na ce kira Yaya ya zo a sake ɗauka mana. Ya ce ba zan gane ba. Ya ajiye katin gefe, ya gama sauran, sannan ya dawo ya sa masa hannu. Daga ranar bai ƙara cin abinci kamar mutum ba. Ranar da ka kira shi kana tambaya, ina kusa, da ya kashe wayar idonsa ya yi ja.

Ka gani, yana son ka. Wanda ba ya son ka ba zai shiga wannan hali ba. Yara suna tambayar yaushe Baba Kubwa zai zo. Don Allah ku shirya.

Na gode, Allah ya ƙara girma.
Rekiya

Lugbe, 8 ga Disamba, 2024

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka.

Rekiya ta faɗa min abin da ta rubuta. Ta ɗauka taimakona ta yi. Ban yi mata faɗa ba, ta amsa tambayar da na kasa amsawa.

Na gani, Yaya. Na gani kafin ka kira.

Tun ranar da aka naɗa ni, mutanen Hanif suke cewa ƙanen Labaran ne, an gama zaɓe. Har a masallaci ana faɗa ina ji. Da na ga katin, na san in na kira ka aka sake hoto, za a ce na buɗe wa yayana ƙofar baya alhali mutum casa'in suna waje. Abin da ya kamata shi ne in ce a sake ɗaukar kowa, a ɗaga zaɓen. Ban yi ba, don kar a ce tsarina ya rushe tun bai fara ba. Sai wani tunani ya zo min, kuma shi ne nake kunyar rubutawa. Na ce in jama'a suka ga na kori yayana uwa ɗaya uba ɗaya da hannuna, ba wanda zai ƙara shakkar katin, ba wanda zai ƙara shakkata. Na ɗauka takara kawai za ka rasa, in zo daga baya in durƙusa. Ban san za su soke lambar ba. Na yi amfani da kai, kuma na ce maka ka zo don ina buƙatar ka zo.

Ranar Juma'a na je gaban kwamiti na faɗi duk wannan, na ajiye aikin. Zaɓen dai sun ce ya zauna. Amma sun yarda su maido lamba bakwai, kuma mai hoto zai dawo ranar Asabar saboda duk wanda ya rasa, kowa ya zo da mai shaidar cewa shi ne. Ka je, don Allah, ko don yara. In ka yarda, zan zo in tsaya maka shaida.

Ba na cewa ka yafe yanzu. Ina roƙon ka bar ni in zo gida in gaishe ka.

Ƙanenka, Zulkifilu

Kubwa, 15 ga Disamba, 2024

Zulkifilu,

Ina gaisuwa. Ka gaida Rekiya, ka ce mata na gode, Allah ya yi mata albarka.

Na je jiya an ɗauke ni, don yara sai sun ci. Meshach ne ya tsaya min shaida. Yau da safe na kai ruwa estet.

Akwai wani wuri a bayan katin da ake rubuta ɗan'uwan mutum na kusa, saboda ɓacin rana. Sakatare ya ɗauki biro ya fara rubuta sunanka tun bai tambaye ni ba. Na ce ya goge, ya sa Sale.

Kar ka zo tukuna.

Wassalam.
Labaran, lamba bakwai