Kalwar Da Ke Ɗakina Tun Bazara

Zuwa ga Mai Girma ɗan gidan sarauta, mai gandun da ke yamma da Birchi, ƙasar Kurfi.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ni ce Rabi mai daddawa, matar marigayi Malam Sule. Na sha zuwa ƙofar gidan gandu ana ce mini kana Katsina, shi ya sa na aika wannan ga jarida, ko Allah zai sa a karanta maka.

Da farko, godiya. Shekarar da gero ya ƙi, mahaifinka, Allah shi jiƙan shi, ya buɗe rumbunan gandu. Da hatsin nan 'ya'yana suka ga kaka. Rijiyar da ka haƙa bayan soro kuwa, ita muke sha har gobe.

Na biyu, akwai ɗorawa biyu a tsakiyar gandun. Mahaifina ya rene su tun wurin yana gonarmu. Da aka haɗe gonar da gandu aka ba mu wata, mahaifinka ya ce ƙasa tashi ce, amma itace na mai shi ne, yadda aka saba a nan. Duk bazara nakan kaɗe, in dafa kalwa, in kai daddawa kasuwar Dutsin-Ma. Da ita nake riƙe marayuna.

Na uku, bana na riga na kaɗe, na wanke kalwa na shanya, sai sabon Sarkin Gandu ya aiko cewa duk abin da ke cikin shinge na gidan sarauta ne. Ban ga laifinsa ba, baƙo ne, bai tarar da maganar ba. Waɗanda suka ji ta kuwa duk ƙasa ta rufe su, sai ni.

To, ranka shi daɗe, kalwar tana nan ɗakina cikin buhu. Ban dafa ba, ban sayar ba. Maƙwabta suna cewa wa zai sani. Ni dai ba a koya mini cin abin da nake shakka ba. Amma damina ta sauka, danshi ya fara kama ta, yara kuma suna kallon buhun.

Roƙona kalma ɗaya ce daga bakinka. In tawa ce, in ɗora tukunya. In taku ce, a turo a ɗauka tun ba ta lalace ba, godiyata kuma tana nan yadda take.

Allah shi ja zamaninka, shi albarkaci gandu, shi kai rahama kabarin mahaifinka.

Wassalam.
Rabi mai daddawa, Birchi.