Rediyo Ta Yi Shiru a Jirgi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Umma? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ina rubuto miki ne daga filin jirgin da muka yada zango, muna jiran jirgi na biyu. In na gama zan ɗauki hoton takardar in turo. Yaya, hawa jirgi sai wanda ya gani. Da ya ɗaga sai na ji kamar an bar hanjina a ƙasa, kunnuwana suka toshe, har yanzu na hagun bai buɗe ba. Banɗakinsu kuwa, kina dannawa sai ya yi wata irin zuƙa kamar zai haɗa da ke. Ƙafafuna sun kumbura, sai da na take bayan takalmi.

Wannan fili gari guda ne, fitilu ko'ina, ba a gane safiya balle yamma. Malamar da ta rako mu ta riƙe fasfo ɗinmu, tana ta ƙirga mu kamar kaza da 'ya'yanta. Mazan ajinmu sun bazu shaguna suna fesa turaren gwaji, ba mai niyyar saye.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Kin tuna Rediyo, ƙawata da muke ɗaki ɗaya, wadda ta zo gidanki ta hana kowa sakat da surutu? Tun da muka taso bakinta ya mutu. Abincin jirgi ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta ce kanta ke sarawa, hasken wurin nan yana sukar idonta. Na taɓa wuyanta, zafi rau. Sai ta damƙe hannuna ta haɗa ni da Allah kar in gaya wa Malama, wai gajiya ce, in aka sani nan za a bar ta, ga shi babanta ya gama shelanta wa dangi 'yarsa ta tafi karatu waje. Ta sha maganin ciwon kai, ta wanke fuska da ruwan sanyi. Ban gaya wa Malama ba, amma hankalina bai kwanta ba.

An fara kiranmu. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya, ku da Umma da yara. Mun sauka, amma ba a makarantar muke ba.

Jirgi na biyu shi ne mai nisan. Aka sa muka rufe tagogi, a ɗan allon da ke gabana ba abin da ake gani sai hoton jirginmu ƙanƙani a tsakiyar teku, ba ƙasa gaba ba ƙasa baya. A nan jikin Rediyo ya rikice. Na lulluɓa mata bargona a kan nata, haƙoranta ba su daina haɗuwa ba. Ta yi amai a 'yar jakar takarda. Na miƙa mata ruwa, ta kasa sunkuyar da kai ta sha, wuyan ya ƙage. Da ta miƙo hannu sai na ga wasu ɗigo-ɗigo masu duhu a damtsenta. Ta dube ni ta kira ni Inna, ta ce in rufe ƙofa akuya za ta shigo.

Lokacin jirgin na jijjiga, an hana kowa tashi. Na kwance ɗamarata na tashi, ina dafa kujeru har wurin ma'aikaciyar jirgi. Aka yi cigiyar likita ta lasifika, wani dattijo ya taso daga gaba yana murmushi. Ya ɗaga kanta, ta yi ƙara. Ya danna gindin kofin gilashi a kan ɗigon nan ya ga ko zai dusashe, bai dusashe ba. Yaya, a gabana murmushin ya ɓace. Ya sa aka raba mana takunkumi, aka shimfiɗa ta can baya aka ja labule. Mutanen da ke kusa da mu suka kwashe 'ya'yansu suka koma wasu kujeru. Ga sauran tafiya mai yawa, ba inda za a sauka. Ban taɓa sanin jirgi na tafiyar hawainiya ba sai ranar.

Da muka sauka aka ce kar wanda ya motsa. Wasu mutane cikin fararen kaya, idonsu kawai ake gani, suka shigo suka fita da ita. Mu kuma aka zuba mu a mota zuwa wani gini a bayan asibiti, kowa da ɗakinsa. Sun ce sanƙarau ne. Ana ba mu wasu ƙwayoyi masu mai da fitsari ja, abinci a bakin ƙofa ake ajiyewa.

'Yan ajinmu sun rabu a kaina. Gwamna, shugaban ajin, ya rubuto a waya wai na jawo musu kulle. Wasu kuma cewa suke da na faɗa tun a zango da ba a kai haka ba. Malama ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi mini ta bayan ƙofa: “Tun yaushe kika sani?” Na gaya mata gaskiya. Sai na ji takunta ya yi nisa.

A sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Barka da war haka, ina fatan gida lafiya.

Rediyo ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin. Kunnenta ɗaya ba ya ji, ba su san ko zai dawo ba. An ce tana buɗe ido ta tambayi ko an fara darasi.

Yau aka sallami 'yan ajinmu. Ina hango motarsu ta taga, Gwamna na loda akwatuna, nawa ma har an fito da shi. Amma ni da ciwon kai na tashi, kuma da na zo ɗaura takalmi sai na ji bayan wuyana ya riƙe. Na'urarsu ba ta nuna zazzaɓi ba, nas ɗin har ta ce in sauka ana jirana. Na kai bakin ƙofa, na dawo na zauna a gado na gaya mata. Ta ajiye abin da ke hannunta ta fita da sauri.

Sun ce za su ɗebi ruwa a bayana su auna. Wataƙila kwanciya ce kawai, kin san filon nan nasu ba shi da kirki. Malama ta sauko daga motar, ta ce ba inda za ta sai ta ji sakamako. Makaranta za ta kira gida anjima. Don Allah ki riga su zuwa wurin Umma, ki zaunar da ita tukuna kafin ki faɗa.

Ga su nan sun turo keken marasa lafiya. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta