Tilly a Teburin Bushiya

Zuwa ga mai girma Yaya Doreen, babbar gidan Stamford, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, kuma mazauniyar birnin Fremantle a yanzu.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ta kamaci ƙane ga yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida Malcolm, Ya kuma sassauta miki ciwon gwiwa. Ki duba da kyau, wannan rubutun hannuna ne, ba wani na sa ya yi mini ba. Malamar ajinmu na manya ta shaida cewa cikin ɗalibanta babu mai miƙaƙƙen layi irin nawa. Mu a Grimsby muna nan, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa ko da yake an ce lokacin zafi ne. 'Yata Janine tana aikinta a masana'antar kifi, tun asuba take fita.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne Tilly, 'yar Janine. Kin san ranar talatin ga Agusta aka haife ta. Watakila kin manta cewa a nan ƙarshen Agusta ne iyakar shekarar makaranta: duk yaron da ya cika huɗu kafin Satumba ta kama, a wannan Satumbar zai shiga ajin share fage. Tilly ta cika huɗu, mako bai zagayo ba aka saka mata rigar makaranta wadda hannuwanta suka rufe mata yatsu. Shi kuwa Owen ɗan maƙwabtanmu, da ya biyo bayanta da 'yan kwanaki, ya sami shekara cur yana wasa a gida. A ajinta akwai waɗanda suka kusa ba ta shekara, amma da mudu ɗaya ake auna su duka.

An raba yaran tebur-tebur, kowane da sunan wata dabba, wai don kada su gane wa ya fi wa. Yaya, yara ba wawaye ba ne. Kowa ya san 'yan teburin mujiya sun kai littafi mai shuɗin tambari, 'yan teburin bushiya kuwa har yau suna kan na farko, mai ruwan hoda. Tilly bushiya ce. Kullum da yamma tana zuwa da littafin a jaka, ni ne kuma mai sauraron karatunta, tunda a gidan nan babu wanda ya fi ni sanin yadda ake fara wannan abu. Ta san haruffan sarai, amma kafin ta haɗa uku barci ya kwashe ta, dankali da wake suna hucewa a gabanta. Wata yarinya ta ce mata teburin bushiya na jarirai ne, saura a kawo musu madara a kwalba. Tun daga ranar, kowace safiya cikinta ke ciwo.

Da hutun ƙarshen shekarar makaranta ya matso, na yi nazari mai zurfi, na saka baƙar kwat ɗina ta zuwa coci, muka tafi makarantar da Janine. Norman, mai tsayar da motoci yara su tsallaka, yana ganina ya ce kai Cyril, wa ya mutu, ko kuwa minista aka naɗa ka ban ji ba. Na wuce abina. Shugabar makaranta, Malama Hargreaves, ta karɓe mu da shayi a ajin su Tilly bayan an tashi. Na miƙe tsaye na gabatar da buƙatata a tsare, cewa a bar yarinyar ta maimaita ajin, ta zauna da su Owen. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ba al'adar makarantun ƙasar nan ba ce yaro ya maimaita aji. 'Yan shekara ɗaya tare suke tafiya, da mai gudu da mai rarrafe. Ta ce da tun kafin Tilly ta shiga aka nemi jinkiri, da an duba. Janine ta sunkuyar da kai, domin babu wanda ya taɓa gaya mata akwai wannan ƙofa. Malamar ta yi alkawarin ƙarin taimako, ta ce in kwantar da hankalina, yawancin 'yan Agusta suna kamo sauran daga baya. Na ce mata ƙwarai kuwa, ni ma ɗan Agusta ne, na kuma kamo su ina da shekara sittin da ɗaya.

Da muka koma gida na ɗauko jakar kamar kullum. Tilly ta ɗora hannu a kai ta ce Kaka ya daina wahalar da kansa, ta riga ta gane, 'yan Agusta sai sun yi furfura suke iya karatu, ita ma za ta jira nata lokacin. Ba kuka ta yi ba, Yaya. Cikin natsuwa ta faɗa, kamar mai lallashina. Har yau ba ta sake buɗe littafin ba. A Satumba kuma za ta shiga aji ɗaya, inda babu akwatin yashi na wasa, sai zama da fensir.

Roƙona gare ki shi ne ki kira Janine, ki sa ta yarda mu kai maganar gaban kwamitin makaranta kafin hutu ya ƙare. Ta ce ta gaji, kuma ni ba ta jin maganata, ke kuwa ba ta taɓa ƙetare taki ba. Takardar koken ni zan rubuta ta da kaina.

Ki miƙa gaisuwata ga Malcolm, da Glenys da mijinta, da ƙaramin nan Rory. Domin kada a ce na ƙara ko na rage, ga waɗanda aka yi zancen a gabansu: Janine Stamford, Malama Hargreaves, Malama Osei mai ajin, Norman Tasker, wanda ya leƙo don ajiye sandarsa ta tsayar da motoci, sai Tilly, wadda ashe tana ƙarƙashin teburin bushiya, ta ji komai.

Ni ne ƙanenki mai biyayya,
Cyril Stamford, da hannunsa.