Walat Biyu, Kwaɗo Ɗaya

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar da kwata na yamma. Ina zaune a bakin gado, a hawa na biyu, jakata tana kan cinyata.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Umma, kumburin ya sace? Ki gaishe min da Baba, ki karanta masa wannan ta kunnensa na hagu, shi ne mai ɗan dama-dama.

Na sauka lafiya, kuma mun fara kwas ɗin gwajin ruwan sha jiya. Mako biyu za mu yi. Ɗakin gwajinsu har ƙyalli yake yi, kuma na'urorin da muka gama jami'a muna ganinsu a hoto kawai, jiya na taɓa su da hannuna. Sai da na ɓoye murmushina kada a ce baƙauye ya zo.

Yanzu ga abin da na san Baba yake son ji. Kuɗin na'urar jinsa suna nan lafiya. Na je kantin da likita ya ba mu sunansa, na nuna musu sakamakon gwajin kunnensa, sun ce suna da irin wadda ta dace da shi. Sun ba ni ranar Litinin da ƙarfe tara in kawo kuɗi, domin saita ta yana ɗaukar kwanaki, kuma in na wuce ranar ba za su gama ba kafin jirgina ya tashi. Katina na banki ba ya aiki a ƙasar nan, kamar yadda na yi zato, don haka kuɗin hannun nan su ne komai.

Na san har yanzu kina jin haushin yinin da kika ɓata kina raka ni kasuwa neman jaka, har kika ce ko amarya ba ta zaɓen akwati haka. To, ki bar ni in kare kaina. Jakar baya ba ta yi ba, don mutum ba shi da ido a ƙeya. Jakar hannu ana fizgewa. Wannan kuwa a ƙirji ake rataya ta, akwai waya a cikin maratayinta, akwai ragar ƙarfe a cikin yadinta, wuƙa ba ta cin ta. Zif ɗinta yana shiga kwaɗo mai lambobi uku, kuma kowace safiya nakan canza lambar, ko da wani ya leƙa jiya.

Sannan na ƙara wata dabara da ban gaya miki ba don kada ki yi min dariya a gaban mijinki. Na sayi walat biyu iri ɗaya sak. Ɗaya na kuɗin Baba, yana cikin jaka. Ɗayan na cika shi da takardun da na yanka daidai girman kuɗi, da tsoffin katunan makaranta, ina sa shi a aljihun baya don 'yan sane. Idan ɓarawo ya samu abin ɗauka cikin sauƙi, ba zai wahalar da kansa da jaka ba. Na gaskiyar na ɗinka masa jan zare ta ciki, inda ba a gani sai an buɗe.

Abokin ɗakina wani dogon mutum ne, kowa Dogo yake ce masa. Shi kuɗinsa a cikin leda yake ƙudundune su, ya cusa a duk aljihun da hannunsa ya fara samu. Da ya ga ina shiga banɗaki da jakata a wuya, sai ya tambaye ni ko ita ma wanka za ta yi. Na faɗa masa sunan da kuke kirana da shi a gida, yanzu duk masaukin nan Malam Tanadi suke ce min. Kin ga abin da kika jawo min.

Su yi ta dariya. Ni dai abin da nake hange shi ne ranar da 'yar autarki za ta ce Kaka, Baba ya waiwayo da kansa, ba sai an taɓa shi ba.

Naki ƙani,
Auta

Asabar, 8 ga wata, bayan la'asar, a kicin ɗin masauki.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ina fatan kowa lafiya. Wannan kada ki karanta wa Baba, ko ta kunnen dama. Umma ma kada ta ga fuskarki lokacin da kike karantawa.

An yanke min aljihu.

Ni lafiyata lau, ko ƙwarzane babu. Ga yadda abin ya faru. Yau ba karatu, sai Dogo ya ja ni mu ga gari. Mun shiga jirgin ƙasa, taragon ya cika maƙil. Na rungume jakata da hannu biyu. A tasha ta uku wani mai riƙe da kofi ya yi kamar zai zuba min a riga, ya yi ta ba ni haƙuri, ni ma na yi ta ce masa ba komai. Ƙofa na rufewa na shafa aljihun baya, wayam.

Da farko har daɗi na ji. Na ce wa Dogo dabara ta yi aiki, ɓarawo ya tafi da takardu. Sai ya tambaye ni ko na tabbata na bogin ne na sa a aljihu yau.

Kin tuna kiran da kika yi min da sassafe? Lokacin na fito da walat ɗin biyu na ajiye su a kan gado, kamar kullum, don in duba jan zaren kafin in raba su. Sai kika ba Baba waya. Ina tambayarsa ya kwana, yana ce min amin. Na ce Baba ka karya, ya ce ai ya daɗe da sayar da keken. Na yi ta dariya, Dogo yana bakin ƙofa yana azalzala ta mu tafi. Na san na sa ɗaya a jaka, ɗaya a aljihu. Ban tuna na buɗe na ga zaren ba. Na zauna na bi safiyar nan daki-daki a raina, ban ga jan zare a ko'ina ba.

Za ki ce in buɗe jaka in duba mana. Nan ne abin kunyar. Na manta lambar da na sa yau. Tsoro ya share ta tas. Ta jiya kawai nake tunawa, huɗu, ɗaya, bakwai, ita kuma ba ta da amfani tunda na canza.

Dogo ya gwada wuƙarsa, jaka ko gezau. Matar da ke kula da masauki ta kawo almakashin kicin, ya ɓalle a hannunta, yanzu ina da bashin almakashi. Mai gyaran makulli na layin nan ya rufe, sai Litinin da tsakar rana zai buɗe, ni kuma ƙarfe tara ake jirana. Na biya kuɗi mai yawa don kada kowa ya iya buɗe jakar nan, ga shi kuwa ta cika alkawari.

Amma na yi lissafi. Lambobi uku ne, wato hanyoyi dubu ke nan, ba su fi haka ba. Na raba su ɗari-ɗari. Na cire ta jiya, na gaya wa kowa kada ya ɓata lokaci a kanta. Yanzu haka mu tara ne a kan teburin kicin, jaka tana zagayawa hannu zuwa hannu. Wanda ya gama ɗarinsa sai a tafa masa, a zuba masa shayi. Wata mai gilashi daga ajinmu tana kiran lambobin da waƙa. Kowa nishaɗi yake yi, ban da ni. An wuce ɗari uku, shiru.

Ina ta tuna yadda kika fasa sayen firjin da kike buri, da yadda Kawu ya kawo tasa gudummawar a ɓoye don kada matarsa ta sani. Idan kuɗin nan suka tafi, ban san da wane ido zan kalle ku ba. Ki yi min addu'a, amma a zuci.

Ƙaninki,
Auta

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya saura, a kan benci a ƙofar kantin.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Umma da Baba da maigidanki da yara, da maƙwabta, da duk wanda ya wuce ta ƙofar gidanmu. Ina fatan kin samu barci, don na san na hana ki. Saƙon da na turo miki a waya shekaranjiya kalma biyu ne kawai. Ga cikakken labari, kuma wannan ki karanta wa kowa da ƙarfi, har da abin da ya gabata.

Mun kai lamba ta ƙarshe gab da magariba. Tara, tara, tara. Ni na murza ta da kaina. Kwaɗo bai buɗe ba. Mai gilashi ta ce ƙila wani ya tsallake lamba, a sake daga farko. Matar masauki ta dafa kafaɗata ta ce ita ma ɗanta haka yake, ban san ko yabo ba ne.

Dogo kuwa duk tsawon lokacin nan yana gefe yana cin biskit, don na hana shi taɓa jakar, na ce ba shi da natsuwa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauke ta, ya tambaye ni wace lamba ce ma na ce a tsallake. Na gaya masa, na kuma sake yi masa bayani a tsanake cewa ta jiya ce. Bai ko saurare ni ba. Ya murza huɗu, ɗaya, bakwai. Kwaɗo ya ce ƙas.

Yaya, ashe ban canza lambar ba. Hirar Baba ta ɗauke min hankali, na danna kwaɗo na fita. Ban manta lambar ranar ba, babu ita ne kwata-kwata. Mutum takwas na sa suka taya ni murza lambobi ɗari tara da casa'in da tara, na hana su guda ɗayan da take daidai.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, don ba a ga walat ba. Na kasa buɗe shi. Na miƙa wa matar masauki, na juya baya. Na ji ta tambaya ko wane ne ya yi wannan mummunan ɗinki da jan zare.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kicin ya kaure da ihu, wani ya ɗauki murfin tukunya yana bugawa, Dogo ya ɗaga ni sama kamar buhu. Sai a lokacin suka tuna da maganar lambar, aka dawo kaina. An yi min dariya har wani ya ƙware da shayi. Ni ma na yi, da hawaye. Amma na tunatar da su cewa dabarar walat biyu ta yi aiki, kuma ina so ke ma ki amsa wannan a rubuce.

Yau na iso kantin tun kafin su buɗe, Dogo yana bayana yana gadin aljihun da babu komai a ciki. Na biya, na karɓi rasit. Sun nuna min na'urar, ba ta kai ɗan yatsa ba, launinta kusan na fatar Baba. Sun sa min ɗaya a kunne in ji yadda take. Na ji takun wata mata a can ƙarshen kanti, na ji ƙarar takarda, na ji numfashina. Na tsaya ina tunanin shekarun da Baba ya yi ba ya jin ko saukar ruwa a kan kwano. Ranar Juma'a zan karɓa.

Na sayi sabon almakashi na kai wa matar masauki. Na kuma yanke shawarar barin lambar kwaɗon yadda take har in dawo. Dogo ya ce yanzu mutum tara sun san ta. Na ce masa na sani, kuma ban taɓa jin jakata cikin aminci kamar yanzu ba.

Kin san ba na son barin magana a buɗe, don haka ga abubuwan da har yanzu ban sani ba:

Ban san irin fuskar da mai kofi ya yi ba da ya buɗe walat ya ga takardu da hotona na ajin farko.

Ban san ko Baba zai yarda ya sa na'urar kullum ba, ko kuwa zai ji hayaniyar yaranki kwana ɗaya ya cire ta ya ce gara da.

Ban san yadda Umma za ta yi ba, tunda shekara da shekaru tana faɗin ra'ayinta a kansa a gabansa.

Ban san ko maƙwabta za su sayi nasu rediyon ba idan Baba ya rage ƙarar nasa.

Ban san kuma kalmar da ya kamata ya fara ji ba. Ni dai ina roƙonki, ku yi shiru duka, ki tsayar da 'yar autarki a bayansa.

Naki har kullum,
Malam Tanadi