Dawar da Kawu Ya Ƙona

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Doka lafiya lau.

Tun rasuwar maigidana na kasa kallon gonar da yake noma da tarakta. Sai na fara zana karan dawa a takardu, kowanne ya ɗara na baya tsawo. In na jera takardun na riƙe gefensu, na sake su ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai in ga kamar dawar ta tsiro tana rausaya, zuciyata ta yi sanyi.

Kawu Sale ya ce mai takaba ba ta wasan yara, ya jefa takardun a murhu. Na fara sabon zane, Yaya, kuma a tsakar gida nake zanawa, inda zai gan ni.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Inna, ki ce mata dawata ta sake tsirowa.

Ƙanwarki,
Zainabu